Rawa a matsayin tarihi: misalin ƙungiyar Bangarra ta Ostiraliya

Wannan ƴar takarda za ta duba yadda ƴan asalin Ostiraliya, waɗanda ake kira Aborijin, suke amfani da rawar zamani wajen sake karanta tarihin mulkin mallaka. Misalin da muka ɗauka shi ne ƙungiyar Bangarra, wadda aka kafa a birnin Sidni a 1989. Stephen Page ya jagorance ta daga 1991 zuwa 2022, Frances Rings ta gaje shi a 2023.

Turawan Ingila sun sauka a 1788, suka riƙi ƙasar tamkar ba ta da mai ita. Sai a 1992, cikin shari'ar Mabo, babbar kotun ƙasar ta soke wannan ra'ayi. Galibin abin da aka rubuta game da ƴan ƙasa na wancan zamani, masu mulki ne suka rubuta shi. Wannan giɓi ne Bangarra take ƙoƙarin cikewa da taken ƙafa da shafin jar ƙasa da fara, bisa izinin dattawan da suka gaji raye-rayen.

Wasan "Bennelong" na 2017 ya bayyana wannan hanya. Bennelong mutumin Wangal ne da gwamna Arthur Phillip ya sa aka kama a 1789 domin ya zama tafinta. Ya tafi Ingila a 1792, ya komo a 1795, ya rasu a 1813. Rubuce-rubucen Turawa sun nuna shi mashayi wanda danginsa suka yasar. Bincike daga baya ya nuna ya ƙare rayuwarsa cikin mutanensa da mutunci. An fara wasan ne a gidan Opera na Sidni, wanda aka gina a inda Phillip ya yi masa ɗaki. Ke nan an maido da mutumin wurinsa, a ƙarƙashin ginin da ƙasar take alfahari da shi.

Sai dai akwai abin lura. Hukuma ma tana cin moriyar wannan rawa: Page na cikin waɗanda suka tsara bikin buɗe wasannin Olimfik na Sidni a 2000. Amma a ƙuri'ar raba gardama ta 2023, masu zaɓe sun ƙi amincewa a kafa majalisar shawara ta ƴan asali cikin kundin tsarin mulki. Tambayar da ta rage ga mai nazari ita ce: shin tafin da ake yi wa mai rawa yana nufin an saurari abin da yake faɗi?