Yadda Ake Gwada Agogon Kwamfutar Cikin Kwamfuta

A cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da kwamfuta, akwai wani maƙirgi da ba ya hutawa, ana ce masa TSC. Kamfanin Intel ne ya fara saka shi a Pentium a shekarar 1993. A furosesa mai gudun gigahaz 3, ƙirgen yakan kai biliyan 3 cikin daƙiƙa guda. Manhaja kan karanta lambar kafin aiki, ta sake karantawa bayan an gama, ratar da ke tsakani ita ce lokacin da aikin ya ci.

Lissafin yakan rikice ne idan manhajoji irin su VMware, KVM, Xen ko Hyper-V suka raba na'ura ɗaya ta zama kwamfutoci da dama. Na'urar ita ce mai masauki, su kuma baƙi. Baƙo ba shi da ta cewa a kan furosesa: ana iya ɗauke masa ita a ba wani, lokaci na tafiya shi bai sani ba. Linux na nuna wannan gibin a manhajar top, a gurbin st, wato lokacin da aka sace.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a karanta TSC, a ba furosesa wani umarni mai suna CPUID, a sake karantawa. A kan na'ura zalla, ratar ba ta wuce 'yan ɗaruruwan bugu. A wajen baƙo kuwa, fasahar VT-x da Intel ya fitar a 2005 tana tilasta a miƙa wannan umarni ga mai masauki, sai ratar ta haura dubu. Masu ƙera manhajojin ɓarna sun san da haka sarai. Wasu manhajojin nasu kan yi wannan gwajin, in sun gane masu bincike ne suka saka su cikin kwamfutar gwaji, sai su yi lamo.

Gwajin da ya fi tona asiri shi ne na cyclictest. Ana umartar manhaja ta yi barcin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, sannan a auna lattin da ta yi wajen tashi. Ana maimaita haka na sa'o'i, an kuma jibga wa na'urar aiki da gangan. A nan matsakaicin lissafi yaudara ne, domin baƙo da na'ura zalla kan yi kusan kunnen doki a kansa. Latti mafi muni shi ne abin dubawa, kuma a nan baƙo kan sha kashi. Alal misali, injin masana'anta da kwamfuta ke sarrafawa ba ruwansa da matsakaici. Latti ɗaya ya isa ya ɓata aiki.

Sai kuma zamewar agogo, wadda ake aunawa da agogon intanet na NTP. Kuskuren kashi 10 cikin miliyan yana tara kusan daƙiƙa ɗaya a rana. Maganin da KVM ta kawo shi ne kvm-clock, inda mai masauki ke faɗa wa baƙo lokaci kai tsaye. Duk da haka, idan aka mayar da baƙo wata na'ura yana cikin aiki, sai an sake gwajin daga farko, domin furosesar can tana iya ƙirga da wani gudu dabam.