Fotasiyam: Ƙarfe Mai Kama Wuta a Ruwa, da Ƙoƙarin Yin Batir da Shi

Idan malamin kimiyya ya yanko ɗan gutsuren fotasiyam kamar ƙwayar dawa ya jefa cikin kwanon ruwa, nan take zai soma zagaya saman ruwan yana huci, sa'an nan harshen wuta mai launin shunayya ya tashi, wani lokaci har da fashewa. Don haka ne ake ajiye shi a nutse cikin kananzir. To, wannan ƙarfe mai zafin hali shi ne masana ke ƙoƙarin yin batir da shi.

Asalinsa da halinsa

Ba a samun fotasiyam tsantsa a ƙasa, sai a gauraye cikin gishiri iri-iri. Yana cikin tokar itace da ake tacewa a yi ruwan toka, kuma shi ne harafin K da ke jikin buhun takin zamani. Harafin ma ya samo asali ne daga wata kalmar Larabci mai nufin tokar tsirrai. A 1807 ne Humphry Davy, a birnin Landan, ya tura lantarki cikin narkakken sinadarin da ake samu daga toka, ya fitar da ƙarfen, wanda shi ne na farko da aka taɓa warewa ta wannan hanya. Yana da taushi har wuƙa na yanka shi, bai kai ruwa nauyi ba, kuma yana narkewa a zafin digiri 63 da rabi kacal.

Sirrin zafin halinsa yana cikin ƙwayar zarrarsa. Tana da ilektiron 19, ɗaya daga ciki yana can gefe shi kaɗai, nesa da tsakiya, saboda haka riƙon da aka yi masa ba shi da ƙarfi. Da zarar ƙarfen ya taɓa ruwa sai ya saki wannan ilektiron, ruwan ya rabu, iskar haidirojin ta fito, zafin da ya taso kuma ya kunna ta. A 2015, masana a birnin Prague sun ɗauki hoton gamin sodiyam da fotasiyam da kyamara mai matuƙar sauri, suka ga cewa da ilektiron sun fice, ragowar ƙwayoyin masu caji iri ɗaya kan ture juna, ƙarfen ya tsattsage ya yi tsini-tsini, ruwa ya ƙara samun wurin shiga.

Me ya sa ake neman sa?

Aikin batir shi ne tilasta wa ilektiron bin waya. Saboda haka duk ƙarfen da ke sakin ilektiron cikin sauƙi zai ba da ƙarfin lantarki mai yawa. Tun da kamfanin Sony ya fito da batirin litiyam a 1991, shi ke tafiyar da wayoyin hannu da motocin lantarki. Sai dai litiyam ba shi da yawa: fotasiyam ya kai kashi 2 cikin 100 na ɓawon ƙasa, wato ya ninka litiyam kusan sau dubu. Bugu da ƙari, ba ya cuɗanya da alminiyam, don haka ana iya amfani da shi a madadin jan ƙarfe mai tsada. Batir mai araha kuwa shi ake bukata domin adana hasken rana a yi amfani da shi da dare.

A 2004 Ali Eftekhari ya gwada batirin fotasiyam da wani shuɗin rini mai suna shuɗin Prussia. A 2015 kuma, ayarin Shinichi Komaba a Japan da na Xiulei Ji a Amurka suka nuna cewa ayon na fotasiyam, wato ƙwayar da ta rasa ilektiron ɗaya, yana iya shiga tsakanin shimfiɗun girafayit, baƙin da ke cikin fensir, ya kuma fito. Sodiyam ba ya yin haka sosai.

Inda gizo ke saƙar

Tsakanin ɓangarorin batir biyu akwai ruwan batir, wanda ayon ke ratsawa. A nan ba ruwan sha ake nufi ba, domin girafayit da ya cika da fotasiyam ya kusa kai ƙarfen kansa zafin hali. Ana narkar da gishirin fotasiyam ne cikin wasu sinadarai marasa ruwa. Duk da haka, su ma sukan lalace a cajin farko, su bar wata siririyar fata a jikin girafayit. Wannan fata ita ce garkuwar batir: idan ta yi kyau, ayon zai wuce, ilektiron ba zai wuce ba, lalacewa kuma ta tsaya.

Matsalar ita ce ayon na fotasiyam ya kusa ninka na litiyam girma. Idan ya shiga, girafayit kan kumbura da kusan kashi 60 cikin 100, alhali da litiyam kashi 10 ne. Fatar sai ta tsage, a sake cin ruwan batir wajen yin sabuwa, a kwana a tashi batir ya mutu. Gishirin KPF6, wanda aka fara da shi, ba ya narkewa sosai, fatarsa kuma ba ta da ƙwari. Gishirin KFSI ya fi narkewa, fatarsa ta fi ƙarko, amma yakan ci alminiyam idan ƙarfin lantarki ya hau. An gano cewa ƙara yawan gishirin na rage wannan ci, sai dai ruwan kan yi kauri, tsada kuma ta ƙaru.

Akwai wani haɗarin. Idan aka yi caji da gaggawa ko cikin sanyi, ayon kan kasa shiga girafayit, ya taru a waje ya koma ƙarfe mai tsiro kamar allura. Idan allurar ta huda shingen da ke tsakanin ɓangarorin biyu, batir na iya kamawa da wuta.

Ke nan, halin da ya sa fotasiyam ke ƙonewa a kwanon ruwa shi ne ya ba shi daraja a batir, kuma shi ne ke cinye ruwan batirin. Makomarsa ta rataya ne a kan samun ruwan da zai yi fatar da ba ta tsagewa.