Ko Ka Sani? San Huɗa a Ƙasar Yawuri, Daga Karkiya Zuwa Kara

Ko ka san cewa a gonakin ƙasar Yawuri akwai abin aikin da manomi zai saya, ya mora shekara uku ko huɗu, sannan ya sayar da shi da tsada fiye da yadda ya sayo shi? Tarakta ba ta yin haka, injin ban-ruwa ma haka nan. Ranar da aka fara kunna su, ranar darajarsu ke fara zubewa. San huɗa ne kaɗai. Ana sayo shi ɗan bijimi mai shekara biyu zuwa uku, a hore shi, ya ja garma da damina, ya ja amalanke da rani, yana aiki yana ƙara girma da nauyi. Idan ya cika ya kawo ƙarfi, sai a ɗaure shi a turke wata biyu ko uku ana yi masa gata, a kai shi kara gabanin Babbar Salla. Abin da aka samu a kansa shi ake mayarwa a sayi wani ƙarami, rarar kuma ta tafi ga rufin ɗaki, ko taki, ko kayan ɗakin 'ya. Manoma da yawa a Shanga da Ngaski ba su da ajiya a banki. Ajiyarsu tana ɗaure a ƙofar gida tana tuƙa.

Noman shanu dai ba tsohon abu ba ne a wurinmu kamar yadda ake zato. Kakanninmu da garmar hannu da fartanya suka yi huɗa, da gayya idan gona ta fi ƙarfin gida ɗaya. Aikin da aka san sa da shi a da shi ne dako. Ayarin fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro, waɗanda ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta ratsa ƙasar Yawuri kafin su ƙetare Kwara, a bayan jakuna da takarkarai suke ɗora kanwa da tufafi. Sai a ƙarshen shekarun 1920 ma'aikatar gona ta Turawan mulkin mallaka ta fara koya wa manoman Arewa haɗa noma da kiwo, ana ba su bashin shanu biyu da garma ta hannun En'e, domin a faɗaɗa noman gyaɗa da auduga, gona kuma ta sami taki. A wannan zamanin, cikin 1928, aka buɗe gonar kiwo ta Shika kusa da Zariya, wadda a yau ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Garmar ƙarfe mai fukafukai biyu da ake kira Emcot, wadda ke tayar da kunya a tafiya ɗaya, ita ta bazu, har maƙeranmu suka iya ƙera irinta da gyara bakinta.

Horon sa aiki ne na haƙuri. Ana huda masa hanci a zura igiya, a haɗa shi da abokin aiki wanda suke kai ɗaya a tsawo da ƙarfi, don idan ɗaya ya rinjayi ɗaya kunya karkacewa take yi, ƙaramin kuma ya sha wuya. Da farko karkiya kawai ake ɗora musu su saba da ita, sannan su ja gungumen icce, kafin a ɗaura garma. Cikin 'yan makonni sun gane muryar mai su, sun san inda ake juyawa a ƙarshen kunya. Tozon nan da masu cin balangu ke rububi, a gona shi ne ke tokare karkiya ya hana ta zamewa baya. Masana aikin dabbobi sun ƙiyasta cewa sa na iya jure jan abin da ƙarfinsa ya kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa na tsawon sa'o'i. Saboda haka sa mai ƙiba da lafiya ya fi ramamme aiki nesa ba kusa ba. Shanu biyu masu ƙarfi, idan ƙasa ta sha ruwa, sukan huɗe kusan eka guda daga asuba zuwa hantsi. Da rana ta take sai a kwance su. Wanda ya matsa musu cikin zafin rana don ya ƙara kuɗin ƙodago, a jikinsu yake cirar kuɗin, kuma zai gani ranar kasuwa.

A Amurka da Ingila, yawancin 'yan maruƙa mazan da aka nufa da yanka ana dandaƙe su tun suna ƙanana. Dalili a fili yake: dandaƙaƙƙen sa ba ya faɗa, ba ya bin shanu mata, yana tara kitse a cikin tsoka, namansa ya fi laushi. A nan kuwa sau da yawa manomi yakan bar san huɗarsa yadda Allah ya halicce shi, domin bijimi ya fi saurin girma, ya fi cika wuya da tozo, kuma a kara ido ke sayen sa kafin hannu. Makiyaya su ne suka fi yin dandaƙa, don kada bijimin da ba su yarda da irinsa ba ya yi barbara a garke. Malaman dabbobi suna da wani ƙarfe mai kama da babban hantsaki, Burdizzo, wanda ke matse jijiya ba tare da an yanka fata ba, ya fi tsafta kuma ya fi sauƙi ga dabba a kan dukan da ake yi a gargajiyance. Fiƙihu ma bai bar zancen ba. A mazhabar Malikiyya layya da dandaƙaƙƙe ta halatta, amma wanda ba a dandaƙe ba shi ya fi falala, sai fa idan dandaƙaƙƙen ya fi ƙiba. Kuma a wannan mazhaba zakka tana hawa kan shanun aiki da na turke kamar yadda take hawa kan na jeji, muddin sun kai nisabi, wato talatin.

Abin da ya sa duk wannan lissafi ke fita shi ne cikin sa. Ba shi da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri kawai. Da harshe yake naɗo ciyawa ya tsinke, ya haɗiye ba tare da ya tauna sosai ba. Cikinsa ɗaki huɗu ne. A babban ɗakin, wato tumbi, akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, masu ɗimbin yawa, su ke narka karan dawa da bambaron shinkafa da harawar wake, abubuwan da cikin ɗan Adam ba ya iya amfana da su. Idan ya kwanta sai ya dawo da abincin baki ya sake niƙawa, yawu mai yawa yana bi yana kashe tsamin tumbi. Shi ya sa mai kiwo da ya ga sansa ya daina tuƙa hankalinsa ke tashi. Shi ya sa kuma ba a cika wa sa dusa ko hatsi rana ɗaya. Halittun nan sai sun saba da sabon abinci sannu a hankali, in ba haka ba ciki ya kumbura, a wayi gari ana neman mahauci da gaggawa.

Babbar matsalar san huɗa a ko'ina a Arewa ita ce aiki mafi nauyi yana zuwa ne daidai lokacin da ya fi rama. Ruwan farko na sauka bayan wata shida ko bakwai na rani, harawa ta ƙare, jeji ya ƙone. A nan ne ƙasar Yawuri ta yi sa'a. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa, aka tayar da mutane fiye da dubu 40, cikinsu har da Gungawa masu yawa, sai tafkin ya zo da tasa al'ada. Cika biyu Kwara ke yi a shekara. Akwai farin ruwa na daminar kusa, mai laka, da ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka a tsaunukan Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, bai iso nan ba sai cikin hunturu. Saboda haka tafkin yana cike a lokacin da sauran wurare suka bushe, sannan ya riƙa janyewa a hankali cikin bazara, yana barin ƙasa mai danshi da ɗanyar ciyawa. Burgu, ciyawar nan mai zaƙi da ke tsawo tana bin ruwa yayin da yake hawa, ita ce abincin da ke riƙe shanu a watannin wahala. Don ita Fulani ke gangarowa bakin tafki da garkunansu, har shanu su yi iyo su ƙetara zuwa inda ta fi yawa.

Wannan ƙasar da ruwa ya janye ya bari, ita ce kuma mai albasa da mai shinkafar rani ke jira. Yawuri ta yi suna da albasa tun kafin tafki, kuma fili ɗaya ne kowa ke kallo. Inda aka toshe mashaya ko aka shuke burtali, rigima ba ta da nisa. Inda kuwa dagaci da arɗo suka zauna tun kafin ruwa ya fara ja suka shata hanya, manomi kan sami taki, makiyayi ya sami kara da bambaro.

Akwai wani abokin gaba a cikin ciyawar bakin ruwan da ya kamata kowane mai sa ya san shi, wato tsutsar hanta. Ƙwanta yana fita ta kashin dabbar da ta kamu, ya ƙyanƙyashe a ruwa, 'yar tsutsar ta shiga jikin wata ƙaramar katantanwar ruwa ta hayayyafa, ta fito ta manne a ganyen ciyawa. Sa ya ci, ta huda hanji ta wuce hanta ta zauna tana shan jini. Alamarta rama duk da ana ci, da kasala a bakin aiki, da farin ido, da kumburi a ƙarƙashin haɓa. Mahauta sun san ta sarai, don su ke yanka hanta su tarar ta yi tauri, a zubar. Maganinta yana nan, amma abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake sayen kowane irin ƙwaya a kasuwa a ɗura wa dabba da ka, ba a san nauyinta ba, ba a san ko maganin na gaske ne ba, wani ma ya yi wa sa allura yau ya yanka gobe, alhali kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin naman ya dace da ci. Malamin dabbobi ya fi sa araha. Cutar bushiya da ta share garkunan ƙasar nan wajen 1890, ta sake dawowa a farkon shekarun 1980, da rigakafi aka kawar da ita, har aka ba da sanarwar ƙarewarta a duniya cikin 2011. Ciwon huhu da boru da sammoren da ƙudan tsando ke kawowa suna nan.

A kara za ka ga iri-iri. Ga Bunaji fari mai baƙin kunne da hanci, wanda manoma ke so don juriya. Ga Gudali na ƙasar Sakkwato, mai gajeren ƙaho da yalwar leɓe a wuya, mai sanyin hali da saurin ƙiba, ɗan gatan masu kiwon turke. Ga Rahaji ja mai dogon ƙaho, gwanin tafiya amma mai wuyar horo. A ƙetaren ruwa ta wajen Borgu akwai Keteku, ƙarami, wanda ya fi jure sammore. Mai saye na gaske ba ya tsayawa ga kallo. Zai buɗe baki ya duba haƙoran ƙasa: manya biyu na nufin sa ya kai kimanin shekara biyu, idan takwas suka cika ya kai huɗu zuwa biyar, idan sun fara lalacewa tsufa ya kama. Zai dafa gindin bindi da haƙarƙari ya ji kitse. Lissafin mahauci kuwa shi ne kusan rabin nauyin sa ne ke zama nama da ƙashi, sauran kai ne da ƙafa da fata da kayan ciki, su ma duk kuɗi ne. Dillali na tsakani yana jan wannan yana jan wancan har a ce albarka ko a sallama, ya karɓi la'adarsa.

Yelwan Yawuri tana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi Jega da Koko, ta wuce Kwantagora da Mokwa da Jebba zuwa Ilori da Badun da Legas. A da da ƙafa ake kora shanu kudu, makonni ana tafiya, suna zubar da ƙibar da aka sha wuya aka tara. Yanzu tirela ce, a cunkushe, ƙaho na gogar ƙaho. San da ya yi huɗa a Shanga yana iya ƙarewa a mayankar Oko-Oba ta Agege. Wanda ya tsaya gida kuwa ya shiga hannun Sarkin Fawa da mutanensa: tsire, balangu, kilishi, dambun nama, ragadada, farfesun kai da ƙafa. A garin masunta irin Yelwa kifi ne abincin kullum, saboda haka yanka sa alama ce ta babbar rana, biki ko Salla, ko watanda, inda maƙwabta ke haɗa kuɗi su sayi sa ɗaya a kasa nama kashi-kashi kowa ya ɗauki nasa. Mahauta ma suna da wasansu na gado, hawan ƙaho, inda saurayi ke tarar bijimi ya rungume kansa a gaban makaɗa.

Fatar ce ba mu ci moriyarta yadda ya kamata ba. Mafi yawanta babbake ta ake yi a ci a matsayin ganda, musamman a kudu, alhali majemun Kano na neman fata. Wadda ta tsira daga tukunya kuma sau da yawa ta riga ta lalace tun dabbar na da rai, da tabon bulala da na lalas da cizon kaska, ko kuma wuƙar mai fiɗa ta huda ta.

A 'yan shekarun nan ɓarayin shanu sun shigo cikin lissafin. A ƙauyukan da ke nesa da titi, manomi kan kwana da shanunsa a tsakar gida, wani ya kai su ajiya wurin ɗan'uwa a cikin gari, wani kuma ya sayar tun kafin su cika don kada ya tashi a tutar babu. Wanda aka kwance wa shanu biyu a farkon damina ya rasa garmarsa da amalankensa da takinsa da ajiyarsa a dare ɗaya, kuma maƙwabta uku ko huɗu da ke jiran ya gama tasa gonar ya zo ya yi musu huɗa, su ma sun koma ga garmar hannu.