Jakar "Gana-mas-go" da Darasin Korar Baƙi

Da wuya a sami gida a Nijeriya da babu jakar nan mai zane ɗaki-ɗaki, ja da shuɗi da fari, wadda ake kira "Gana-mas-go". Da ita ɗalibai suke komawa makaranta, da ita mata suke zuwa taron zumunta. Amma matasa da yawa ba su san inda sunan ya fito ba. Ma'anarsa da Turanci ita ce dole 'yan Gana su tafi, kuma a bayansa akwai labarin ƙasashe biyu da kowace ta taɓa korar mutanen 'yar'uwarta. Tun da yake har yau ana jin maganar cewa baƙi sun cinye wa 'yan ƙasa aiki, ya kamata mu san labarin, mu ga abin da korar ta haifar.

Sa'ad da Gana ta kori baƙi

Tun kafin zuwan Turawa fataken Hausawa suke bin hanyar Gwanja zuwa Salaga sayen goro. Waɗansu suka zauna, zuriyarsu ta cika unguwannin da ake kira zango a Kumasi da Akara da sauran garuruwa. Daga baya gonakin koko da ramukan zinariya suka jawo ma'aikata daga Togo, Nijar da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, Yarbawa kuma suka kama ciniki a kasuwanni. Ƙidayar 1960 ta nuna cewa wajen kashi 12 cikin 100 na mazauna Gana baƙi ne. Muddin koko yana kawo kuɗi, ba a cika damuwa da wannan ba.

Da farashin koko ya faɗi a shekarun 1960, bashi ya yi wa ƙasar yawa, aiki ya yi wuya, sai magana ta canja. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutane dubu ɗaruruwa suka fita, da yawansu 'yan Nijeriya. A cikinsu akwai waɗanda a Gana aka haife su, ba su taɓa ganin Kano ko Ogbomosho ba. Suka sayar da shaguna da kaya a wulaƙance don su sami kuɗin mota. Gonakin koko suka rasa 'yan ƙwadago, tattalin arziki bai farfaɗo ba, a Janairu 1972 kuma soja suka hamɓarar da Busia.

Na gaba ya koma baya

Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce. A shekarun 1970 kuɗin man fetur ya cika Nijeriya, Gana kuwa ta shiga matsi. Sai 'yan Gana suka yi ta kwararowa: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, magina, teloli, masu gyaran takalma. Dattawa da yawa a Arewa suna iya tuna malamin lissafi ko na Turanci ɗan Gana da ya koyar da su a sakandare. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna su zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, mutane da yawa kuma suka wuce wa'adin ba wanda ya tambaye su.

Daga 1981 farashin mai ya soma faɗuwa. A 1982 gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, masana'antu suka rage ma'aikata. Rikicin Maitatsine na Kano a Disamba 1980, wanda jagoransa Muhammadu Marwa ya fito daga Kamaru, ya riga ya sa ana yi wa baƙi kallon tsoro, ga kuma zaɓe yana tafe. Ranar 17 ga Janairu 1983 Ministan Harkokin Cikin Gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. An ƙiyasta cewa wajen mutum miliyan 2 ne suka tafi, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran daga Nijar, Chadi, Kamaru, Togo da Benin. A lokacin iyakar Gana a rufe take, don haka jama'a suka maƙale a kan iyakoki da tashar jiragen ruwa ta Apapa, waɗansu suka mutu saboda yunwa da turmutsitsi. Jakar da suka cusa kayansu a ciki ita ce ta gaji sunan.

Aikin ya dawo? Bai dawo ba. Ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka kifar da gwamnatin Shagari. A 1985 aka sake korar baƙi, duk da haka a 1986 ƙasar ta shiga shirin SAP, rayuwa ta ƙara tsada. Ciwon daga faɗuwar farashin mai da ɓarnar dukiya yake, korar tela ɗan Kumasi ba ta taɓa shi ba.

Me ya sa ra'ayin jama'a yake juyawa?

A duka ƙasashen biyu baƙin sun daɗe a wurin, halinsu bai canja dare ɗaya ba. Abin da ya canja aljihun mai masauki ne. Farashin koko a Landan ko na mai a kasuwar duniya ba abin da talaka zai gani da ido ba ne, amma yana ganin maƙwabcin da harshensa ya bambanta yana buɗe shago kowace safiya. Ga shugabanni kuma, nuna baƙo da yatsa ya fi sauƙi a kan bayyana inda kuɗin ƙasa ya shiga, balle ma baƙo ba ya jefa ƙuri'a.

Gaskiya ne baƙo yana cinye aiki?

Mutane da yawa suna ɗaukar aiki kamar tuwo a kwano: in hannu ya ƙaru, loma ta ragu. Ba haka tattalin arziki yake tafiya ba. Baƙon da ya zo yana aiki, yana kuma kama hayar ɗaki, yana sayen abinci, yana hawa mota, yana biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa. Ranar da ya tafi, mai gidan haya da mai sayar da abinci su ma sun yi asara.

Amma kada mu raina kukan talaka. A sana'o'i kamar leburanci, gini da gadi, gasar ta gaske ce. Wanda ba shi da takarda yakan karɓi ladan da bai kai ba, domin ba shi da inda zai kai ƙara, wannan kuwa yana iya jawo ladan kowa ƙasa. Tambayar ita ce, wa yake cin ribar? Mai ba da aikin ne. Maganin shi ne a biya kowane ma'aikaci hakkinsa, a sauƙaƙa wa baƙo hanyar samun takarda. Kowace ƙasa tana da iko ta san masu shiga da fita, ta kuma hukunta mai laifi da laifinsa. Abin da ba daidai ba shi ne a ɗora wa al'umma guda laifin mutum ɗaya.

Wane ne ɗan ƙasa?

Iyakokinmu Turawa ne suka shata su. Katsina da Maraɗi dangi ne, amma layi ya raba su. Idan aka fara tantance ɗan ƙasa da harshe, suna ko kamannin fuska, abin ba ya tsayawa a kan baƙo. A Afirka ta Kudu, tarzomar ƙin baƙi ta Mayu 2008 ta kashe mutum 62, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na mamatan 'yan ƙasar ne. A gida ma mun san yadda takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma take mai da wanda aka haifa a gari baƙo a garin haihuwarsa.

Ina matsayin mai bi?

Littafi Mai Tsarki cike yake da baƙi. Littafin Fitowa ya fara da Fir'aunan da ya ga Isra'ilawa sun yi yawa, ya tsorata jama'arsa da su, ya mance da alherin Yusufu. Shari'ar Musa ta hana zaluntar baƙo da danne ladan ɗan ƙwadago, dalilin da ta bayar kuwa shi ne su ma sun yi baƙunci a Masar. Rut mutuniyar Mowab ta shigo Baitalami tana kala a gonar wani, ta zama kakar mahaifin Sarki Dawuda. Ubangijinmu kansa ya yi gudun hijira zuwa Masar yana jariri. Littafin nan kuma ya koya mana girmama hukuma, saboda haka taimakon baƙo ya haɗa da nuna masa hanyar gyara takardunsa.

'Yan'uwa, abin yi ba shi da nisa. Idan baƙo yana maka aiki, biya shi abin da za ka biya ɗan gari. Idan labari ya zo maka a WhatsApp cewa wata ƙabila ko 'yan wata ƙasa ne suka jawo mana wahala, bincika kafin ka tura. Idan iyalin da rikici ko fari ya koro sun shigo majami'arku, kada a bar su a bencin baya ba mai gaishe su. Yau 'ya'yanmu da yawa suna neman abinci a Akara, Johanasbag, Jidda da Landan. Duk lokacin da ka ɗauki jakar nan, ka tuna cewa a 1969 namu ne suke ɗaure kaya a bakin hanya.