Malamin Makaranta a Akwatin Rediyo

Duk wanda ya tashi a Bauchi kafin talabijin ta shiga kowane gida ya san yadda ake yi wa rediyo zobe, daga Ƙofar Ran har Wunti, idan aka sako Samanja Mazan Fama daga Kaduna. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne, shi ya sa Hausar barikinsa ta zauna daram. Gishirin wasan kuwa wurin aiki ne: ga mai ba da oda, ga mai sara masa, ga dokar da ba kai ba gindi.

Tun kafin Samanja, Amurkawa sun gano cewa makaranta ma bariki ce. A 1948 gidan rediyon CBS ya fara wani wasan barkwanci mai suna Our Miss Brooks, bai tsaya ba sai 1957. Eve Arden ce ta fito a matsayin Connie Brooks, malamar Turanci a sakandaren Madison. Kullum aljihunta a bushe. Ɗaki take haya wajen wata dattijuwa mai mantuwa, wani ɗalibinta ne ke rage mata hanya a tsohuwar motarsa, ga shugaban makaranta, Conklin, mai tsawa da maƙo. Ta ƙwallafa rai a kan malamin kimiyyar halittu, Boynton, shi kuwa ya fi kula da kwaɗon da yake kiwo.

Abin da ya ɗaga wasan shi ne ba a mayar da malamar wawiya ba. Ta fi kowa kaifin baki, ta kuma iya aikinta. Ƙarancin albashi da mulkin shugaba ake yi wa dariya. Malaman ƙasar suka ji ana faɗin cikinsu, har ƙungiyarsu ta ƙasa ta karrama Arden. A 1952 wasan ya shiga talabijin.

A wajenmu, wasannin da suka yi suna sun fi karkata ga bariki da kotun alkali da rigimar kishiyoyi. Abin da mamaki, musamman a Bauchi, garin malamai. Abubakar Tafawa Ɓalewa da alli ya fara. Malam Aminu Kano ma ya koyar a Midil ta Bauchi a shekarun 1940, kuma da wasan kwaikwayo yake sa ɗalibai su zolayi zaluncin masu riƙe da gari.

Kayan aiki kuwa ga su nan zube a ofishin malaman kowace firamare. Ranar ashirin ga wata, an fara zagaye mai shago ta bayan layi. Labari ya zo sufeto na tafe, hedimasta ya bi malamai a cike rijistar wata uku cikin awa ɗaya. Takardar ƙarin girma ta iso, kuɗinta bai iso ba. Marubucin gidan rediyon jihar Bauchi ko Globe FM da zai zauna mako guda a wannan ofishi da biro a hannu, zai fito da wasan zango guda cur.