Kafin Ka Tura Wannan Tallan Siyasar, Bari Wayarka Ta Tantance Shi

A ƙarshen 2018 jita-jita ta karaɗe Facebook da WhatsApp cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu, an maye gurbinsa da wani Jubril daga Sudan. Maganar ta yi ƙarfin da sai da Buhari ya fito da kansa a ƙasar Folan ya ƙaryata ta. Da wayoyin talakawa aka yaɗa wannan ƙaryar, kuma yau da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke kwaikwayon murya da fuska, aikin maƙaryata ya ƙara sauƙi. Sai dai wayar da ke hannunka tana da kayan kama su.

Fara da gano wanda ya biya kuɗin tallan. Kamfanin Meta yana da rumbun talla mai suna Ad Library, wanda kowa zai iya shiga kyauta. Zaɓi Najeriya, ka rubuta sunan ɗan takara ko jam'iyya, za ka ga tallace-tallacen siyasa na Facebook da Instagram, da sunan mai ɗaukar nauyi da kiyasin kuɗin da aka kashe. Ana ajiye su har shekara 7. Amma rumbun ba ya nuna abin da aka biya masu tarin mabiya a asirce su wallafa, abin da binciken BBC ya bankaɗo gabanin zaɓen 2023.

Sai hoto. Idan aka ce ga titin da gwamna ya shimfiɗa ko taron da ya cika maƙil, saka hoton a Google Lens. Sau da yawa za ka tarar tsohon hoto ne, ko ma na wata ƙasa. Idan bidiyo ne, ɗauki hoton allo daga ciki ka bincika haka nan, sannan ka lura ko motsin leɓe ya dace da muryar.

Alƙaluma kuwa a koma tushensu. Batun bashin jiha, duba shafin Ofishin Kula da Basussuka, DMO. Hauhawar farashi na wajen Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS. Sakamakon rumfunan zaɓe kuma INEC tana ɗora shi a shafin IReV. Duk wanda ya ambaci adadi bai faɗi shekara da inda ya samo shi ba, a yi hattara da shi.

Idan lokaci ya ƙure maka, leƙa Dubawa ko Africa Check, domin wataƙila sun riga sun bibiyi maganar. Saƙon WhatsApp mai alamar an tura shi sau da yawa kuwa, yawan yawonsa ba shaidar gaskiya ba ne.

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma kafin furen ya kaɗe tana iya sauya ƙuri'a ko ta tada husuma a unguwa. Ba wa kowane saƙo minti biyu na bincike kafin ka danna turawa, ko da yana yabon gwaninka ne.