Gashi Ya Koma Launin Tagulla: Ina Mafita?

Da zarar watan Disamba ya kama, shagunan gyaran gashi tun daga Maraban Rido har Sabon Tasha ba masaka tsinke. Ga Kirsimeti na tafe, ga ɗaurin aure kusan kowace Asabar, kowace mace kuwa tana so ta fito tsaf. A irin wannan lokaci ne wata 'yarmu, saura kwana 12 aurenta, ta je salun da hoto a waya, ta ce a rina mata gashi ruwan ƙasa mai ɗan haske. Da aka wanke aka busar, sai ga kai ya fito ruwan goro, yana ƙyalli kamar tsohuwar tasar tagulla. Ta dawo gida da kuka. Gwaggonta ta ce a nemo baƙin dayis a zuba a huta, ƙawayenta kuma suka ce ta koma a ƙara mata bilicin a daren nan. Mun hana duka biyun, ga kuma dalilinmu.

Gashinmu baƙi ne saboda wani sinadari da ake kira melanin, shi kuwa iri biyu ne a cikin kowane silin gashi. Akwai baƙi, akwai kuma ja mai haɗe da rawaya wanda baƙin ya rufe. Mai salun ba ta iya ɗora launi mai haske a kan baƙi sai ta fara kashe baƙin da haidirojin feroksaid, galibi tare da amoniya wadda ke buɗe bayan silin don maganin ya shiga. To, baƙin ne ke saurin mutuwa, jan kuwa mai taurin kai ne. Saboda haka gashi yakan tashi daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, zuwa ja, zuwa ruwan goro, sa'an nan rawaya. Idan aka wanke maganin a tsakiyar hanya, ko aka ɗora rinin da bai isa ya rufe jan ba, to, ga tagulla nan. Ba sammu ba ne, ba kuma lalle ne maganin jabu ne ba.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ƙarin bilicin. Yawancin matanmu sun riga sun sha rilaksa, wadda ta raunana gashin tun kafin rini. Feroksaid da ake sayarwa yana da lamba a jikin kwalba: 20 tana nufin kashi 6 cikin 100, 30 kashi 9, 40 kuwa kashi 12. A ɗora mai lamba 40 a kan gashin da ya sha rilaksa, ya kuma sha bilicin jiya jiya, sai ya yi laushi kamar danƙo, ya riƙa biyo mataji, fatar kai kuma ta ƙone. Launi ana gyara shi, amma gashin da ya gutsure sai jira, domin abin da yake tsirowa a wata bai fi santimita 1 da 'yan kai ba. Masu sanin aikin ba sa haɗa rilaksa da rini sai an sami tazarar aƙalla mako 2.

Maganin tagulla kuwa, kakanninmu sun riga mu saninsa ko da ba don wannan suka yi ba. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai tuna tsofaffi suna shafa shuni a kitso, kai ya yi baƙi wuluk yana sheƙi. Shunin nan daga baba yake, ganyen da har yau ake rini da shi a karofin Ƙofar Mata a Kano. Sirrin shi ne shuɗi yana kashe ruwan goro a ido, kamar yadda shunayya ke kashe rawaya. A kan wannan ne kamfanoni suka yi shamfu mai shuɗi da mai shunayya. Wadda gashinta ya koma ruwan goro, mai shuɗi za ta nema. Mai shunayya na wadda nata ya kai rawaya ne, kuma mun ga mata da yawa sun yi asarar kuɗi a kan wannan kuskure. A shafa a jiƙaƙƙen gashi, a bar shi iya mintocin da aka rubuta a kwalba, a wanke, sau ɗaya ko biyu a mako. Yana busar da gashi, balle a hunturu, don haka a bi shi da man kaɗe ko man kwakwa. Kada dai a sa rai zai mayar da gashi baƙi, rage kaifin jan kawai yake yi.

Idan wannan bai gamsar ba, bayan gashin ya huta sai a ɗora rini mai duhu wanda ba amoniya a cikinsa. Wadda ta fi son na gargajiya tana iya yin lalle, kashegari ta bi da garin baba, gashin zai yi duhu. Sai dai ta sani ta yi sallama da bilicin, domin idan aka zuba shi a kan baba gashi yakan koma kore.

Batun dayis kuma sai an yi hattara. Baƙin dayis da ake sayarwa a ƙulle ba suna, irin wanda ake haɗawa da lalle don zanen amare, sau da yawa cike yake da sinadarin da ake kira PPD. Wasu jikinsu ba ya ɗaukarsa, sai fatar kai ta yi ƙuraje masu ruwa, fuska ta kumbura har ido ya rufe, wani lokaci ma numfashi ya sarƙe, wanda kuwa sai asibiti nan take. Mace tana iya yin shekaru tana amfani da shi lafiya, rana ɗaya jiki ya ƙi. Kowane irin rini ne, a ɗiga kaɗan a bayan kunne, a jira awa 48. A kuma duba lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, tare da ranar da maganin zai lalace.

Akwai kuma ruwa. A Rido da kewaye rijiya da burtsatse muka dogara da su. Idan ruwan gidanku yana barin jan tsatsa a gindin bokiti, ƙarfe ne a cikinsa, gashin da aka yi wa bilicin kuwa yana tsotsarsa ya ƙara ja. A bar ruwan ya kwana a tace, ko a yi ɗauraya ta ƙarshe da ruwan leda. Rana ma tana cin launi, ɗankwali ya wadatar.

'Yar tamu ta yi wanki biyu da shamfu mai shuɗi, ta gwada rini a bayan kunne, saura kwana 2 aka ɗora mata mai duhu. Ran aure da aka ɗaga mayafi a majami'a, gashin ruwan ƙasa ne mai duhu, bai yi kama da na hoton ba, amma yana nan a kanta. A watan Janairu aka datse bakinsa da ya tsage.